Tambayoyin da na gaji da amsawa kan finafinan Frankenstein

Tun da Netflix suka saki nasu a Nuwamban 2025 ake ta jefo min tambayoyi iri ɗaya, yau wannan gobe wancan. To ga su nan wuri guda, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Frankenstein shi ne dodon nan mai faffaɗan goshi da ƙusa a wuya?

A'a. Sunan wanda ya haɗa dodon ne. Dodon ba shi da suna, ba a taɓa raɗa masa ba. A fim ɗin 1931 ma, wajen jera sunayen 'yan wasa a farko alamar tambaya aka sa a gurbin wanda ya fito a dodon, sai a ƙarshe aka rubuta Boris Karloff.

Abin ya faru da gaske?

Haba malam. Ƙagaggen labari ne, wata 'yar Ingila mai suna Mary Shelley ta fara rubuta shi a 1816 a bakin tafkin Geneva tana da shekara 18, ya fito a 1818 ba ma sunanta a jiki. Abin da yake gaskiya shi ne a zamanin ana ta wasa da lantarki a jikin matattun abubuwa. Luigi Galvani a Italiya ya nuna ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa in lantarki ya taɓa ta, sannan ɗan 'yar'uwarsa Giovanni Aldini ya gwada a gawar wani da aka rataye a Landan a 1803, muƙamuƙi ya motsa, ido ɗaya ya buɗe. Motsin tsoka ne kawai. Mutumin bai tashi ba, kuma ba wanda ya taɓa tashi.

Wanne ne fim na farko?

Na kamfanin Edison, 1910, ba sauti, bai wuce kusan kwata na awa ba. A cikin wata ƙatuwar tukunya aka dafa dodon. Dabarar da suka yi ta burge ni, mutum-mutumi suka ƙona suka ɗauka sannan suka juya fim ɗin baya, sai ka ga nama yana taruwa a jikin ƙashi daga cikin wuta. An daɗe ana zaton ya ɓace sai aka gano wani mai tara tsofaffin finafinai a jihar Wisconsin yana riƙe da kwafi.

Me ya sa yake kore, kuma ƙusoshin na mene ne?

Ba ƙusa ba ce, nan ne ake jona masa wayar lantarki. Wannan siffar duk aikin mai kwalliyar kamfanin Universal ne, Jack Pierce, wanda ke kwashe awanni kullum yana gina fuskar a kan ta Karloff. Koren kuma daga fastoci da kayan wasan yara ya kama ido, fim ɗin ai baƙi da fari ne. A littafin fatarsa rawaya ce, gashinsa baƙi mai tsawo, haƙora farare, tsayinsa wajen ƙafa takwas.

Ni fa ba na iya kallon baƙi da fari, ba zan iya tsallake na 1931 ba?

Za ka iya, ba mai kama ka, amma daga nan ka daina shiga gardamar don ba ka san abin da ake magana a kai ba. Minti 70 ne fa kacal, kai da kake zama awa uku a gaban fim ɗin Indiya. James Whale ne ya ba da umarni, kuma kusan duk abin da kake tunanin ka sani game da labarin nan daga hannunsa ya fito, hasumiyar, tsawa da walƙiya, teburin da ake ɗagawa sama, mutanen gari ɗauke da wuta suna bin dodo har injin niƙa mai aiki da iska su banka masa.

Ka kalla ko don wurin tafkin nan. Wata ƙaramar yarinya, Maria, tana zaune a bakin ruwa, ta ga dodon ba ta gudu ba, ta kama hannunsa ta ba shi furanni suka dinga jefawa a ruwa suna kallon yadda suke yawo a sama. Karo na farko ke nan da ya yi murmushi. Furanni suka ƙare, ya duba hannunsa ba komai, ya dubi yarinyar, ya ɗauke ta ya jefa, a tunaninsa ita ma za ta yi yawo a saman ruwan. Da ta nutse sai ya rikice ya ruga cikin daji. Masu tace finafinai suka ce wannan ya yi muni aka yanke shi daidai inda ya miƙa mata hannu, to sai mai kallo ya ga dodo ya miƙa hannu ga yarinya, can kuma ga ubanta ɗauke da gawarta yana ratsa gari ana tsakiyar shagalin biki, kowa ya cike gibin da mafi munin abin da zuciyarsa ta kawo masa. Gyaran ya fi ɓarnar muni. Sai a shekarun 1980 aka mayar da wurin.

Dodon bebe ne?

A fim ɗin 1931 gurnani kawai yake. A littafin kuwa ya fi mai shi iya magana, a wani ɗan rumfa jikin gidan wasu talakawa ya ɓuya yana leƙe yana saurare har ya koyi harshe da karatu, kuma shi da bakinsa yake ba da babban kaso na labarin. Nan ne nake da ƙorafi da fim ɗin da na gama yabo yanzu. Sun ƙirƙiro cewa yaron aikin ya yar da kwalbar ƙwaƙwalwa mai kyau ta fashe, sai ya ɗauko ta wani mai laifi, wato dodon mugu ne tun daga haɗi. Babu wannan a littafin sam. Can Victor Frankenstein ya shafe kusan shekara biyu yana bin maƙabarta da mahauta, ranar da abin ya buɗe ido ya ga muninsa sai ya fice daga ɗakin da gudu ya bar shi, kamar uban da ya tsere tun kafin ranar suna. Muguntar daga baya ta zo, bayan duk inda ya nufa an jefe shi an kore shi, har harbinsa aka yi ranar da ya ceci wata yarinya daga kogi. Duk fim ɗin da aka yi tun daga lokacin, in ka lura, zaɓi yake tsakanin waɗannan biyun, ko a ɗora wa ƙwaƙwalwar laifi ko a ɗora wa wanda ya gudu.

Mutum ya ce zai yi halitta, kallon wannan ba saɓo ba ne?

Ni ba malami ba ne, fatawa kuma tana da masu ita. Abin da zan gaya miki 'yar'uwa shi ne labarin bai taɓa yaba wa mutumin ba, ƙaninsa da amininsa da amaryarsa duk a dalilin aikin nan suka mutu a littafin, shi kuma ya ƙare a cikin ƙanƙarar arewacin duniya. Ba ke kaɗai abin ya dama ba ma, akwai layin da Colin Clive, wanda ya fito a likita Frankenstein, ya faɗa a na 1931 inda yake kwatanta kansa da Ubangiji, hukumomin tace finafinai na wasu jihohin Amurka suka sa aka cire, an daɗe ana nuna fim ɗin da ƙarar tsawa a wurin.

Igor fa, mai ƙusumbin nan?

Babu shi a littafi. A 1931 yaron aikin likitan sunansa Fritz, shi ma daga wani wasan dandamali na Landan na 1823 aka aro shi. Ygor sai a Son of Frankenstein na 1939, Bela Lugosi ne, kuma karyayyen wuya gare shi don an taɓa rataye shi bai mutu ba. Mutane ne suka cakuɗa su biyun.

Zan iya kallo da yarana? Wanne zan sa musu?

Wannan ce tambayar da ba ni da gajeriyar amsa gare ta, don ya danganta da yaron, ya danganta da gidan, kuma ni ban san ɗanka ba. Akwai ɗan shekara tara da zai kalli gawa a tebur ya ci tuwonsa ya yi barci, akwai ɗan sha uku da zai kwana a ƙofar ɗakinku.

In jini ne damuwarka, tsofaffin na Universal kusan ba jini ko ɗigo, amma kar ka ɗauka shi ke nan, fim ɗin 1931 da tonon kabari ya fara, sai yanko gawa daga igiyar rataya, sai Fritz yana azabtar da dodon da bulala da wuta, sai yarinyar can. A ganina abin da ke damun yara a ciki ba tsoro ba ne, tausayi ne, za ka ji ana tambayarka me ya yi musu suke ƙona shi, kuma ya kamata ka shirya amsa. Ga kuma batun tayar da matacce, in a gidan an yi rashi kwanan nan ni dai zan jinkirta, musamman Frankenweenie na Tim Burton na 2012, wanda kowa ke cewa ai na yara ne tunda Disney ne kuma 'yan tsana ne. Eh na yara ne, amma labarin yaro ne da mota ta kashe masa kare ya tono shi ya jona masa walƙiya ya dawo, ka ga ƙaramin yaro yana iya fita da wata fahimta da sai ka zauna ka warware masa. Wataƙila ɗan shekara goma zuwa sama, kana zaune kusa da shi, da rana. Na ce wataƙila.

Na barkwanci ma akwai tarko. Abbott and Costello Meet Frankenstein na 1948 shi ne mafi sauƙi, guje-guje ne da ihu, sai dai rahar tasu da yawa a baki take, yaron da Turancinsa bai nuna ba zai gaji. Young Frankenstein na Mel Brooks na 1974 kuwa, wanda har injinan lantarkin ainihi na 1931 suka nemo suka yi amfani da su, yana da daɗi ƙwarai amma cike yake da zancen manya mai harshen damo, ba zan kunna shi gaban yara ba balle gaban surukai.

Waɗanda zan ce a'a kai tsaye su ne na Hammer, da na 1994 wanda dodon ya zura hannu ya zaro zuciyar amarya a daren aurenta, da na 2025 wanda kyamara ke tsayawa a kan yankan gawa da ɗinki ba ta kau da kai. Duk da haka kar ka dogara da ni, ka fara kallon abin kai kaɗai tukuna, ko da gaggawa ne, ka fi ni sanin inda ɗanka yake da rauni. In kuma ka riga ka nuna masa ya tsorata, kwantar da hankalinka, ka nemo masa hoton Karloff zaune da kwalliyar dodon a fuska yana shan shayi a wurin ɗaukar fim, akwai su a intanet, yawanci wannan yana kashe tsoron.

Mene ne Hammer ɗin?

Kamfanin Ingila ne. A 1957 suka fitar da The Curse of Frankenstein mai kala, Terence Fisher ya ba da umarni, Christopher Lee ne dodon, kuma dole suka canza masa fuska don waccan ta Pierce mallakar Universal ce. Su suka juya abin gaba ɗaya. A Universal dodon ne ke dawowa fim bayan fim, Karloff sau uku, sai Lon Chaney ƙarami, sai Lugosi, sai Glenn Strange, har ya zama gunkin da ake tayarwa a mintunan ƙarshe. A Hammer likitan ne ke dawowa, Peter Cushing, tsaf-tsaf da shi, ga ladabi ga iya sa kaya, amma ya gayyaci wani tsohon farfesa gidansa ya ciyar da shi sannan ya tunkuɗo shi daga bene don yana son ƙwaƙwalwarsa. Sau shida Cushing ya hau wannan matsayin har zuwa 1974. Ni shi ya fi ba ni tsoro a kan kowane mai ɗinki a goshi.

Wai da gaske akwai na Japan?

Akwai, 1965, kamfanin Toho. An ɗauko zuciyar dodon daga Jamus a jirgin ƙarƙashin teku aka kai Hiroshima, bam ya faɗa, bayan shekaru wani yaro ya ɓullo yana ta girma har ya kai tsayin bene ya yi dambe da wani ƙaton dabba mai suna Baragon. Kar ka tambaye ni dalili.

Wanne ya fi bin littafin?

Na Kenneth Branagh na 1994 ya sa sunan marubuciyar a take, ya dawo da ƙanƙarar da jirgin ruwan, Robert De Niro kuma yana magana yana tuhumar mai shi, amma kyamarar ba ta zama wuri ɗaya kowa ihu yake, ƙarshen kuma nasu ne suka ƙirƙira. Na Guillermo del Toro, wato na Netflix ɗin 2025, da Oscar Isaac da Jacob Elordi, ya ba dodon rabin fim ɗin ya faɗi nasa ɓangaren da bakinsa, wannan ya yi daidai, sai dai ya wanke shi da yawa. Dodon littafin ya shaƙe ƙaramin yaro da gangan kuma ya maƙala wa wata baiwar Allah laifin aka rataye ta, in ka cire wannan ka sauƙaƙa wa mai kallo hukunci. Masu cewa na ɓata musu labari kuma, littafin ya haura shekara 200.

Kai wanne ka fi so?

Bride of Frankenstein, 1935. Saboda makahon tsohon nan da ya karɓi dodon a bukkarsa ya ba shi burodi ya koya masa kalmomi, don shi bai ga fuskar ba, har maharba suka shigo suka ɓata komai. Amaryar da ke cikin taken kuma, Elsa Lanchester, 'yan mintuna kawai ta yi a ƙarshe, aka haɗa ta dominsa, ta kalle shi sau ɗaya ta kurma ihu.