Baraj ɗin Lagdo: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kowace damina sai an dawo min da tambayoyin nan kan wannan dam na arewacin Kamaru, to ga su gaba ɗaya a huta.

Wa ya gina shi?

'Yan Sin, zamanin Ahmadu Ahijo. An fara 1977 aka gama 1982. A kan Binuwai yake, kamar kilomita 50 kafin ruwan ya iso Garwa.

Tunda ga ruwa maƙil, me ya sa famfonmu yake ƙafewa?

Malam ba don famfo aka yi shi ba, don wuta ne da noman rani. Injuna 4, megawat 72, har Marwa da Ngaundere suna sha. Ruwan famfon Garwa daga burtsatse ake jawo shi. Sai dai in tafkin ya ja baya da bazara wuta ta ragu, injin turo ruwa ya tsaya, nan za ka ga jarkoki sun yi layi.

Zai fashe?

Haba jama'a. Buɗe ƙofofin da kuke tsinewa ai don kar ruwa ya haura bangon ake yinsa. Ku daina yaɗa odiyon WhatsApp.

Gonata tana bakin kogi ƙasan baraj, in shuka ko in bari?

To nan ne ba zan yanke maka ba ɗan'uwa, don ya danganta da inda gonar take da yadda damina ta kasance can sama wajen Adamawar Kamaru, ana iya yin shekara ba a saki ruwan kirki ba ka girbe masararka lafiya, wata shekarar kuma tafkin ya cika tun Agusta a buɗe a Satumba daidai lokacin da masara ta yi goyo. In ƙasan Garwa kake ma ba Lagdo kaɗai za ka duba ba, kogin Mayo Kebbi yana shigowa kuma ba shi da ƙofa. Ni dai da ni ne zan raba, mai saurin nuna a ƙasa, sauran a tudu. Ka duba bishiyoyin bakin gonar, shatin laka yana nan jikinsu, ka kuma tambayi dattawan wurin inda ruwan 2012 ya tsaya. Sanarwar rediyo in ta fito kar ka tsaya gardama.

Mu muka aika wa Najeriya ambaliya a 2012 da 2022?

An saki ruwa kam. Amma kogin Faro ma yana zuba nasa kafin Yola, kuma dam ɗin Dasin Hausa da ya kamata ya tare musu har yau ba a gina ba.