Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ba ta hau kan jihohi kai tsaye ba

Mutane da dama sun daɗe suna ɗauka cewa tun da Majalisar Tarayya ta zartar da Dokar Haƙƙin Yara a 2003, Shugaba Obasanjo kuma ya rattaba mata hannu, shi ke nan ta game duk Najeriya. Ba haka lamarin yake ba, domin tsarin mulki ya bar sha'anin yara a hannun jihohi, saboda haka dokar a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye. Duk ƙoƙarin da sanata zai yi wajen kare yara, sai majalisar jiha ta yi tata dokar, gwamna ya sa hannu, kafin alƙali ya hukunta wani da ita. Kano ma sai a 2023 ta samu tata.