Mene ne daidaiton saiti a babban madubin hangen sararin samaniya?

Duk wanda ya taɓa kiran mai saita dish ya hau rufin gida a Kano ya san abin nan: a ɗan karkata farantin kaɗan, hoto ya ɗauke. Masana taurari da wannan matsala suke fama, sai dai nasu farantin, mai kama igiyar rediyo daga sararin samaniya, ya kai girman filin ƙwallo. Abin da suke kira daidaiton saiti shi ne iyakar kaucewar da aka yarda na'urar ta yi daga inda aka nufa da ita a sama.

Ana auna kaucewar da sakan na kusurwa, wato kashi 1 cikin 3,600 na digiri ɗaya. Faɗin cikakken wata a sama kusan sakan 1,800 ne. Gwargwadon girman faranti da gajartar igiyar rediyon da yake kamawa, haka gurbin da yake gani ke ƙara tsukewa, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada kuskure ya wuce kusan kashi 1 cikin 10 na faɗin gurbin.

A nan ne layin dogo mai zagaye, wanda na'urar ke juyawa a kansa, ke shigowa, kuma a ganina shi ne wurin da ya fi ban mamaki. Na'urar Green Bank da ke jihar West Virginia a Amurka, wadda aka kammala a 2000, farantinta mita 100 ne da 110, nauyinta ya haura tan 7,000. Duk wannan kaya yana juyawa ne a kan ƙafafun ƙarfe 16, bisa layi mai zagaye da faɗin da'irarsa mita 64 ne. In gefe ɗaya na layin ya fi na ɗaya gefen tudu da kusan kashi 1 cikin 3 na milimita, na'urar ta karkace da sakan ɗaya ke nan. Ga shi kuma nauyin ƙafafun kan cinye ƙarfen a hankali. Sai da aka sake layin Green Bank a 2007.

Zafin rana da iska ma suna lanƙwasa ginin. Shi ya sa ake auna tudu da kwarin layin kaf, a riƙa duba taurarin da aka san matsayinsu sosai, sannan a loda wa kwamfuta lissafin gyara, ta riƙa cike giɓin duk lokacin da na'urar ta juya.