Zaurukan intanet na malamai da ma'abota abin sha'awa: wanne ya cancanci lokacinka?

Me ya bambanta irin waɗannan zaurukan da shafin sada zumunta na yau da kullum?

A shafinka, sanayya ce ta tara maka mutane: dangi, abokan karatu, abokan aiki. A zaure kuwa batu ɗaya ne ya haɗa ku, galibi ba ka taɓa ganin fuskar kowa ba. Malamin lissafi ya shiga ya ce yaransa sun kasa gane raba lamba, wani malami daga wata nahiya ya faɗa masa dabarar da ta yi masa aiki. Abin ya girmi Facebook nesa ba kusa ba, domin tun 1980 masu kwamfuta ke irin wannan hira a Usenet, wani tsohon tsarin zaurukan tattaunawa ta kwamfuta.

Me ya sa ake haɗa malamai da masu abin sha'awa a magana ɗaya?

Kaɗaici ne ya haɗa su. Malami na shiga aji ya rufe ƙofa, daga shi sai yara, babu abokin aikin da ke ganin inda darasi ya karkace. Mai kallon tsuntsaye ko mai saƙa ma haka, da wuya ya samu na kusa da shi da zai saurari zancen har ƙarshe ba tare da hamma ba.

Wani lokacin ma mutum ɗaya ne ke ɗauke da hulunan biyu. A 2007 wata malamar makaranta 'yar ƙasar Holan, Hanny van Arkel, tana taimakawa wajen tantance hotunan gungun taurari a Galaxy Zoo, shafin da 'yan sa-kai ke taya masana wannan aikin, sai ta ga wani dunƙule a gefen gungun IC 2497 da ba ta gane ba. Ta tambaya a zauren shafin. Masana suka bi sawu, aka gano wani makeken gajimaren iskar gas ne, aka laƙaba masa sunanta, daga baya na'urar hangen nesa ta Hubble da ke sararin samaniya ta ɗauki hotonsa. Ba masaniyar taurari ba ce, tambaya kawai ta yi a inda ake sauraro.

A ina ake samun su?

Akwai manyan dandamali da ke ɗaukar kowa da kowa: zaurukan Facebook, Reddit da aka kafa a 2005 mai sashen malamai na r/Teachers, Discord, WhatsApp da Telegram. Akwai kuma waɗanda aka gina don abu ɗaya tak. Ravelry, tun 2007, na masu saƙa da kwarashi ne. eBird, da sashen nazarin tsuntsaye na jami'ar Cornell ya buɗe a 2002, na masu kallon tsuntsaye ne, iNaturalist kuma na duk mai ɗaukar hoton tsiro ko ƙwaro yana son sanin sunansa. Malamai a Turai suna da eTwinning tun 2005, inda ajin wata ƙasa ke haɗa aiki da na wata. A Teachers Pay Teachers, da wani malamin New York, Paul Edelman, ya fara a 2006, har sayar wa juna kayan darasi ake yi.

A ganina waɗanda aka gina don abu ɗaya sun fi amfani, saboda tsarinsu ya dace da aikin. A Ravelry kana iya duba salon saƙa ɗaya ka ga yadda ya fito a hannun mutane daban-daban, da irin zaren da kowa ya sa. Zauren Facebook ba zai ba ka wannan ba.

Ta yaya zan gane zaure mai kyau kafin in ɓata lokacina?

Kada yawan mambobi ya ruɗe ka. A 2006 masanin tsara shafuka Jakob Nielsen ya yi bayanin wani ƙiyasi da ya shahara: cikin mutum 100, kusan 90 karatu kawai suke yi, 9 kan tofa albarkacin bakinsu jifa-jifa, mutum 1 ne ke yawancin rubutun. Wato zaure mai mambobi dubbai yana iya tsayuwa a kan mutane ƙalilan, kuma halinsu shi ne halin zauren.

Don haka ka yi mako guda kana kallo. Nemi inda wani sabon shiga ya yi tambayar da ta nuna bai san komai ba, ka ga me aka yi masa. A wani zauren, sabuwar malama za ta ce aji ya gagare ta shiru, sai wata ta tambaye ta shekarun yaran, nawa ne su, da wane lokaci hayaniyar ke tashi, kafin ta ba da shawara. A wani kuwa za a ce mata an sha amsa wannan, ko a bi ta da dariya, ko wani ya manna tallan kwas ɗinsa. Duba kuma ko masu kula da zauren na raye. Idan talla da musu sun kwana uku ba wanda ya share, an bar gidan ba mai shara.

WhatsApp da Telegram fa? Ai sun fi sauƙi.

Sun fi sauƙi, sun kuma fi mantuwa. Zauren WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024, na Telegram har 200,000, amma amsa mai kyau da aka bayar da safe ta nutse kafin yamma a ƙarƙashin gaisuwa da saƙonnin murya. Tambaya ɗaya sai a yi ta maimaita ta har masu sani su gaji su yi shiru. Sun dace da mutane kaɗan da ke aiki tare. Ilimin da kake son a samu baɗi, wurinsa shi ne inda ake ware kowane batu daban kuma ana iya lalubo shi.

Da me malami zai yi hattara?

Da yaran mutane, kafin komai. Hoton ɗalibi, sunansa a saman takardar jarrabawa, labarin halin da gidansu ke ciki, duk ba naka ba ne da za ka baza. Zaure “na sirri” ma ba sirri ba ne, ɗaukar hoton allon waya ba ya cin daƙiƙa biyu, kuma ƙorafin da ka yi kan shugaban makarantarku yana iya riga ka isa ofishinsa.

Sai kayan darasin da ake rabawa. Ba wanda ya tantance yawancinsu, kyan zane kuma ba shaidar inganci ba ne. Ka warware lissafin da kanka kafin ka raba wa yara. Ka kuma duba ko mai aikin ya yarda a kwafa, masu lasisin Creative Commons, wato izinin da mai aiki ke bayarwa a kwafi aikinsa bisa sharaɗi, kan faɗi sharaɗinsu ƙarara.

Idan dandalin ya rufe fa?

Yana faruwa. Google+ ya rufe a 2019, Yahoo Groups a Disamba 2020, Edmodo da malamai da dama suka ɗora azuzuwansu a kai ya bi su a Satumba 2022. Duk abin da ka rubuta ko ka tara mai amfani, ka ajiye kwafinsa a na'urarka. Mutanen da suka fi taimaka maka kuma, ka nemi wata hanyar samunsu, ko da adireshin imel ne, tun dandalin yana nan.