Waiwaye: Yadda harajin attajirai ya zame wa Faransa ƙarfen ƙafa

Rabon gwamnatin Faransa da ta rufe shekara ba giɓi a kasafin kuɗinta tun 1974. A 2024 giɓin ya kai kashi 5.8 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, kimanin Yuro biliyan 170 ke nan, alhali ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce kada ya wuce kashi 3. Bashin da ke wuyan ƙasar ya haura Yuro tiriliyan 3.3. Ba a jayayya kan cewa sai an rage giɓin. Rigimar tana wajen aljihun da za a taɓa.

Harajin dukiya ya soma ne a 1982 a zamanin François Mitterrand. Gwamnatin Jacques Chirac ta soke shi bayan zaɓen 1986, aka dawo da shi a 1989 da sunan ISF, wato harajin haɗin kai kan dukiya. Sai dai tun farko an bar masa ƙofa a buɗe: hannun jarin kamfanin da mutum yake shugabanta ana ɗaukarsa kayan sana'a, ba ya shiga lissafi. Don haka likita mai gidaje biyu a Paris yana biya, mai kamfanin biliyoyi kuwa mafi yawan dukiyarsa ta tsira. Abin da ake tarawa a shekara bai wuce Yuro biliyan 4 zuwa 5 ba. François Hollande ya gwada harajin kashi 75 kan kuɗin shigar da ya haura Yuro miliyan ɗaya, Majalisar Tsarin Mulki ta yi watsi da shi a Disambar 2012 saboda an ɗora shi kan mutum ɗaya maimakon iyali. Aka mayar da shi kan kamfanoni, ya yi shekara biyu ya mutu.

A 2018 Emmanuel Macron ya soke ISF, ya bar haraji kan gidaje da filaye kawai idan darajarsu ta haura Yuro miliyan 1.3, ribar jari kuma ya ɗora mata harajin kashi 30 bai-ɗaya. A cikin shekarar aka ƙara harajin man fetur. Wannan haɗi ne ya fito da masu zanga-zanga sanye da riguna masu ruwan ɗorawa kan tituna a Nuwamba, kuma dawo da ISF na cikin manyan buƙatunsu. Tun daga nan duk wani tsuke bakin aljihu da aka nemi talaka ya yi, tambayar farko ita ce: su manyan me suka bayar?

Haka aka shiga rikicin fansho na 2023, lokacin da aka ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Jiragen ƙasa sun tsaya, matatun mai sun rufe, shara ta yi tsibi a Paris har kusan tan 10,000. Duk da haka dokar ta wuce ta sashe na 49.3 na tsarin mulki, wanda ke ba gwamnati damar zartar da doka ba ƙuri'a, muddin majalisa ba ta kayar da ita ba. Akwai dalilin da ya sa yajin aiki ke gajiya kafin gwamnati ta gaji. Ranar da ma'aikaci bai yi aiki ba ana cire ta daga albashinsa, asusun tallafin ƙungiyoyin ƙwadago kuma ba ya ɗaukar makonni da yawa. Ma'aikatan sufuri dole su sanar da shiga yaji sa'o'i 48 kafin lokaci, abin da ke ba kamfani damar sake jadawali.

Macron ya rusa majalisa a Yunin 2024, zaɓe ya raba kujeru 577 gida uku, babu mai 289 ɗin da ake buƙata don samun rinjaye. Firaminista Michel Barnier ya faɗi a Disamba kan kasafi. Magajinsa François Bayrou ya kawo shirin rage kimanin Yuro biliyan 44 har da soke ranakun hutu biyu, ya sha kaye a ranar 8 ga Satumbar 2025 da ƙuri'a 364 da 194. Ranar 18 ga watan ƙungiyoyin ƙwadago suka sake tsayar da aiki, sunan Gabriel Zucman kuma a kan kwalayensu.

Shawarar wannan masanin tattalin arziki ta nufi ƙofar nan ce da ISF ya bari. Duk iyalin da dukiyarsu ta haura Yuro miliyan 100, kimanin iyalai 1,800, jimillar harajin da suke biya a shekara kada ta gaza kashi 2 na dukiyar, har da hannun jari. Wanda bai kai ba sai ya ciko. Hujjarsa tana da ƙarfi. Attajiri yana ajiye ribarsa a kamfanin riƙon jari, bai karɓe ta a hannu ba, don haka harajin kuɗin shiga ba ya ganinta. Binciken IPP, wata cibiyar nazarin manufofin gwamnati, na 2023 ya nuna harajin da ake biya yana sauka daga kashi 46 na abin da ake samu a tsakanin masu kuɗi sosai zuwa kashi 26 a wajen iyalai 75 na ƙololuwa.

Matsalolin ma na gaske ne, bai kamata a raina su ba. Kamfanin da ba ya kasuwar hannun jari, wa zai yanke darajarsa? Mai sabon kamfanin fasaha kamar Mistral yana da dukiya a takarda, amma babu ribar da zai biya da ita, sai ya sayar da jari ko ya ci bashi. Majalisar Tsarin Mulki na iya cewa harajin ya zama ƙwace idan ya fi abin da mutum ke samu. Zucman ya ƙiyasta kusan Yuro biliyan 20, wasu masana suka ce idan aka cire masu ƙaura da masu kauce-kauce bai fi biliyan 5 ba. Ko an samu ashirin ɗin, ɗan yanki ne na biliyan 170. Amma muddin ba a taɓa na sama ba, da wuya a sami ƙuri'ar masu ra'ayin gurguzu don rage wa na ƙasa.

Majalisar Wakilai ta amince da harajin Zucman a Fabrairun 2025, Majalisar Dattawa ta ƙi a Yuni. Ranar 31 ga Oktoba wakilan da kansu suka kayar da shi, 228 da 172, jam'iyyar Marine Le Pen ta masu tsattsauran ra'ayin riƙau tana cikin masu ƙi. Abin da Firaminista Sébastien Lecornu ya bayar don ya tsira shi ne dakatar da dokar fansho har bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2027, matakin da shi ma ƙarin kashe kuɗi ne.