Telč

Telč ƙaramin gari ne a yankin Vysočina na Jamhuriyar Cek, cikin gundumar Jihlava, a ɓangaren ƙasar da tarihi ya sani da Morabiya, kuma mazaunansa sun ɗan haura 5,000. Harafin ƙarshe na sunan ana furta shi kamar "c" ta Hausa, wato Telc. Garin ya taso ne a matsayin kasuwa da zangon fatake a mahaɗar hanyoyin da suka haɗa Bohemiya (ɓangaren yamma na ƙasar) da Morabiya da Ostiriya, kuma har yau fasalinsa bai rabu da wannan asali ba: dogon fili guda a tsakiya, gidajen 'yan kasuwa sun yi masa ƙawanya, fada a ƙurya ɗaya, tafkuna kuma a bayan ganuwa. A 1992 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a shekarar da ta sanya tsakiyar birnin Prag da garin Český Krumlov.

Wuri da yanayi

Tuddan da suka raba Bohemiya da Morabiya ba duwatsu ba ne masu tsini, ƙasa ce mai hawa da gangara wadda gonaki da dazuzzuka da ƙananan ƙauyuka suka rufe. Tudu mafi tsawo a cikinsu shi ne Javořice, mai mita 837, kuma yana 'yar tafiya kaɗan arewa maso yamma da Telč, wanda shi kansa yake bisa mita 500 da 'yan kai daga doron teku. Hunturu a nan yana da tsawo da dusar ƙanƙara, ƙasar noma kuma ba ta kai ta kwarurukan kudancin Morabiya albarka ba, shi ya sa manoman yankin suka dogara ga dankalin Turawa da sha'ir da kiwon shanu.

Tafkuna uku ne suke kewaye da tsohon garin: Štěpnický da Ulický da Staroměstský. Mutane ne suka tare rafi suka samar da su, don su yi aikin gwalalo a lokacin yaƙi, su kuma zama wurin kiwon kifi a lokacin zaman lafiya. Kifin da aka fi kiwo a tafkunan wannan ƙasa shi ne wanda ake kira kapr, wanda Cekawa suke soyawa a daren jajibirin Kirsimeti, kuma al'adar ita ce a zuƙe ruwan tafki da kaka a kwashe kifin da taru.

Tarihi

Labarin baka yana cewa an kafa garin a 1099, amma rubutattun takardu ba su ambace shi ba sai a farkon rabin ƙarni na 14. Gini mafi tsufa da yake tsaye shi ne hasumiyar cocin Ruhu Mai Tsarki, ta ƙarni na 13, mai tsawon mita 49. A 1339 garin ya fita daga hannun sarkin Bohemiya ya koma hannun gidan sarautar Hradec, waɗanda suka riƙe shi har 1604, kuma su ne suka gina ganuwa da fadar farko. Gidajen farko na katako ne, sai wata gobara a ƙarshen ƙarni na 14 ta sa aka koma ginin dutse, wata kuma a 1530 ta sake cin babban ɓangare na garin.

Mutumin da ya ba Telč kamannin da ake zuwa gani yau shi ne Zachariáš na Hradec, wanda ya karɓi mulkin garin a 1550 yana saurayi. Shekara guda bayan haka ya bi ayarin manyan Bohemiya zuwa Genoa ta Italiya, ya ga irin gine-ginen da ake yayi a can, ya dawo da niyyar mai da tsohuwar fadar yaƙi gidan zama na ƙawa. Ya ɗauko magina Italiyawa, cikinsu har da Baldassare Maggi, attajiran gari kuma suka bi sahun ubangidansu, kowa yana gyara fuskar gidansa gwargwadon aljihunsa. Zachariáš ya mutu a 1589 bai bar ɗa namiji ba, kuma kabarinsa da na matarsa ta farko, Kateřina ta gidan Valdštejn, yana cikin ƙaramin cocin fadar.

Da zuriyar maza ta gidan Hradec ta ƙare a 1604, garin ya faɗa hannun Vilém Slavata ta hanyar aure. Wannan shi ne ɗaya daga cikin wakilan sarki biyu da 'yan Furotesta suka jefo ta taga a fadar Prag a 1618, abin da ya kunna wutar Yaƙin Shekara 30, kuma bai mutu ba a faɗuwar. Yaƙin ya iso Telč a 1645 sa'ad da sojojin Suwidin suka mamaye shi. Bayan haka limaman ɗariƙar Jesuit suka shigo suka gina makaranta da cocin Sunan Yesu, suka zauna har aka rushe ɗariƙar a 1773. Masu fadar na ƙarshe su ne gidan Podstatzky-Liechtenstein, waɗanda hukuma ta ƙwace dukiyarsu a 1945.

Jirgin ƙasa bai iso ba sai 1898, shi ma ƙaramin reshe ne, manyan masana'antu kuma suka tafi Jihlava da sauran birane. Wannan koma baya shi ne ya tsare tsohon garin, domin ba a sami kuɗin da za a rushe a gina sabo ba.

Dandalin kasuwa

Filin tsakiya yana ɗauke da sunan Zachariáš. Yana da faɗi a kudu maso gabas, yana tsukewa yayin da ake dosar fada, kuma ana shigarsa ta ƙofofin ganuwa biyu da suka rage, ta sama da ta ƙasa. Girmansa ya fi ƙarfin gari mai mutum 5,000, saboda an auna shi ne da kekunan dawaki da dabbobi da rumfunan ranar kasuwa.

Kowane gida yana da ƙunci a fuska amma yana da zurfi zuwa baya, ta yadda masu gidaje da yawa za su sami ƙofa a bakin kasuwa. A ƙasa akwai baranda mai bakuna da ginshiƙan dutse, kuma barandar kowane gida ta haɗe da ta maƙwabcinsa, har mutum yana iya bin kusan dukkan gefen filin ruwan sama bai taɓa shi ba. Bayan ƙofa akwai babban zaure da ake kira mázhaus, inda mai gida yake sana'arsa ko ya sayar da giyar da aka ba shi izinin dafawa, iyali kuma suna zaune a bene, rumbun ajiya yana ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya fi jan ido shi ne ƙololuwar fuskar gidajen, wadda sau da yawa bango ne kawai da aka ɗaga don ya ɓoye rufi ya kuma ƙara wa gida kwarjini. Wanda ya zagaya ta bakin tafki zai ga gidajen sun fi sauƙi daga baya. An shafe su da launuka masu taushi, rawaya da kore da ja mai haske, kuma da yawa daga cikin ƙololuwan an sake musu fasali a ƙarni na 17 da na 18.

Wasu bangayen suna ɗauke da zanen da ake kira sgrafito. Magini yakan shafe bango da filasta mai duhu, ya bi ta da fara, sa'an nan tun tana ɗanya ya kankare ta sama da wuƙa har ta ƙasa ta fito, sai hoto ya bayyana baƙi da fari. Gida mai lamba 61, wanda zanensa na 1555 ne, yana cikin misalan da suka fi kyau. A ɓangaren filin mai faɗi akwai ginshiƙin Maryamu da aka kafa tsakanin 1716 da 1720, tare da maɓuɓɓugan ruwa biyu na dutse.

Fada

Fadar tana hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. An fi saninta da rufin ɗakunanta na katako sassaƙaƙƙe, musamman Zauren Zinariya, da kuma lambun da barandu suka kewaye. Akwai wani ɗaki da ake kira Zauren Afirka, cike da ƙahonni da fatun namun dajin da wani ɗan gidan Podstatzky ya harbo a farkon ƙarni na 20. Dab da fadar akwai cocin Yakubu, wanda hasumiyarsa ta kai mita 60, kuma daga samanta ne ake ganin yadda ruwa ya kusa mai da garin tsibiri.

Ziyara

Telč yana kimanin kilomita 30 kudu maso yamma da Jihlava, kuma daga nan ne akasarin baƙi suke shigo motar bas ko ƙaramin jirgin ƙasa, wanda yake zarcewa zuwa Slavonice kusa da iyakar Ostiriya. Kuɗin ƙasar koruna ne, ba yuro ba, ƙasar kuma tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsa iyakokinsu da biza ɗaya, tun 2007. Ɗakunan fada ana shiga ne a rukuni tare da ɗan jagora, galibi daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma kamar yawancin gidajen tarihi na ƙasar ana rufewa ranar Litinin. Tsohon garin ana iya zagaye shi a ƙafa cikin sa'a biyu, shi ya sa motocin masu yawon buɗe ido sukan iso da hantsi su tafi kafin la'asar. Wanda ya kwana shi ne yake samun filin da safe babu kowa sai 'yan makaranta da masu buɗe shaguna. A ƙarshen Yuli zuwa Agusta ana bikin kaɗe-kaɗe na Prázdniny v Telči, lokacin da masauki yake wuyar samu.

A kewayen garin akwai ƙananan garuruwa masu matsayin městys, wato wanda ya fi ƙauye amma bai kai birni ba, matsayin da asalinsa izinin cin kasuwa ne, aka daina amfani da shi a zamanin kwaminisanci aka dawo da shi a 2006. Ɗaya daga cikinsu shi ne Mrákotín, yamma da Telč, inda aka faso dogon dutsen da aka kafa a harabar fadar Prag a 1928.