Kifin salmon da bai san teku ba: yana hayayyafa a tafkunan da ake zuba shi?

Abin da aka fi sani game da salmon shi ne ana ƙyanƙyashe shi a kogi, ya gangara teku ya girma, sannan ya komo kogin da ya fito ya yi ƙwai. Amma akwai wani reshensa da bai taɓa ɗanɗana ruwan gishiri ba. A tafki yake girma, a tafki ake kama shi. A jihar Maine da ke arewa maso gabashin Amurka masu fatsa suna ji da shi sosai, har aka ayyana shi kifin jiha a 1969. Sai dai yawancin tafkunan da ake kama shi a yau zuba shi aka yi, shi ya sa muhawara ba ta ƙarewa tsakanin masunta: wannan da ya kama ƙugiya, hukuma ce ta kawo shi a mota, ko ruwan nan ne ya haife shi?

Wane irin kifi ne, kuma yaya aka yi ya zauna a tafki?

Jinsinsu ɗaya da salmon ɗin tekun Atlantika. Bayan da ƙanƙarar da ta rufe arewacin duniya ta narke, fiye da shekara dubu goma da suka wuce, yanayin ƙasa da hanyoyin ruwa suka sauya. Wasu kifayen hanyarsu ta teku ta yanke. Wasu kuma hanyar na nan a buɗe, amma suka sami tafki mai zurfi da abinci, suka daina wahalar tafiya.

A Maine wurare huɗu kacal aka same shi tun asali: tafkunan Sebago, Green, Sebec da West Grand. Akwai 'yan'uwansa a tafkin Saint-Jean na Kanada, da Vänern na Suwidin, da Saimaa na Finlan, da Ladoga da Onega na Rasha. Bai kai na teku girma ba. Yawancin waɗanda ake kamawa a Maine ba su wuce kilo ɗaya ba, ko da yake a 1907 an fitar da wani daga Sebago mai nauyin kilo goma da ɗoriya, kuma har yau ba a kama wanda ya fi shi a jihar ba.

Daga wurare huɗu, yaya ya bazu?

Da hannun mutane. A 1868 aka fara zuba shi a tafkin Cathance, daga ƙwan da aka ɗebo a rafin Grand Lake, daga nan harkar ta kankama. Yanzu ana samunsa a tafkuna fiye da 300 a Maine kaɗai. An ma tsallaka da ƙwansa zuwa Ajantina tun 1904, inda ya zauna daram a tafkin Traful da koginsa.

To idan an zuba shi a tafki, zai ci gaba da hayayyafa da kansa?

Wani wurin e, wuri da yawa a'a. Kuma abin da ke yanke hukunci ba ya cikin tafkin, yana cikin rafukan da ke shiga ko fita daga cikinsa.

Wannan kifi ba ya yin ƙwai a ruwan da ke kwance. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, manyan sukan bar tafki su shiga rafi mai gudu. Macen ta nemi inda tsakuwa take, ta kwanta a gefenta ta riƙa kaɗa wutsiya har ta yi rami, ta zuba ƙwai, namijin ya zuba maniyyinsa a kai, sai ta matsa gaba kaɗan ta sake tono, tsakuwar da ta tayar ta rufe ramin baya. Ƙwan zai kwana a ƙarƙashin tsakuwar nan duk tsawon hunturu, ba zai ƙyanƙyashe ba sai sanyi ya fara ja da baya. A duk watannin nan ruwan da ke ratsa tsakanin duwatsun ne ke kai masa iskar da yake shaƙa. Idan laka ko rairayi ya cike ƙofofin, ƙwan ya mutu a inda yake, ko da ruwan saman garau yake. Saboda haka sare itatuwan bakin rafi, ko gina hanyar da ke zubo ƙasa cikin ruwa, na iya kashe hayayyafar tafki guda ba tare da kowa ya ga mataccen kifi ko ɗaya ba.

Masu kiwon tarwaɗa a ƙasarmu za su gane wannan da sauri. Tarwaɗa tana ci tana ƙiba a kandami, cikinta ya cika da ƙwai, amma ba za ta zuba shi ba sai an yi mata allura, domin abin da jikinta ke jira shi ne ambaliyar damina. Haka salmon yake a tafkin da ba shi da rafin kirki: ya girma, ya yi ƙwai a ciki, kaka ta yi ya taru a bakin mashigar ruwa ko gindin madatsa, sannan ya koma ba tare da ya bar baya ba. Irin wannan tafki, ranar da aka daina zuba kifi, kamun zai ƙare cikin 'yan shekaru.

Wani bambanci da ya kamata a sani: salmon ɗin tekun Fasifik yana mutuwa da zarar ya gama ƙwai, amma wannan na iya rayuwa, ya koma tafki ya murmure, ya sake hawa rafi wata shekarar.

Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, an tsira ke nan?

Da sauran rina a kaba. 'Ya'yan ba sa gangarawa tafki nan take. Sukan zauna a rafin shekara ɗaya zuwa huɗu, yawanci biyu, kowanne ya kama ɗan wurinsa a bayan dutse yana cin ƙwari yana korar ɗan'uwansa. Ke nan faɗin rafin ne ke ƙayyade yawan kifin da zai kai tafki. Babban tafki mai ƙaramin rafi ba zai taɓa samun isasshen kifi daga haihuwa kaɗai ba, komai yawan iyayen da suka hau. Kuma dole rafin ya riƙe ruwa mai sanyi a tsakiyar lokacin zafi. Wanda ke ƙafewa ko ɗumama a Yuli da Agusta, ko ƙwai ya ƙyanƙyashe a cikinsa, aikin banza ne.

Wannan ne ya sa gidajen ƙyanƙyasa ke riƙe 'ya'yan kifin har su shekara kafin a sake su. Aikin da rafi zai yi suke yi masa.

Yaya ake bambanta haifaffen rafi da na gidan ƙyanƙyasa?

Kafin a saki kifi, ma'aikata kan yanke masa fiffike ɗaya, sau da yawa ɗan ƙaramin nan mai tsoka da ke tsakanin fiffiken baya da wutsiya, wanda ba ya sake tsirowa. Idan an yi wa dukan kifayen da aka zuba alama, duk wanda aka kama da fiffikensa cif, to ruwan ne ya haife shi. Masana kuma suna duba ɓawon kifin a madubin ƙara girma. Layukan da ke jikinsa suna matsuwa a shekarun da ya yi yana fama a rafi, suna buɗewa idan ya sami abinci a wadace. Masu fatsa da yawa suna rantsuwa cewa daga jan zare suke gane haifaffen rafi. Wannan dai hira ce ta bakin ruwa.

Akwai inda aka zuba shi, daga baya ya koma haihuwa da kansa?

Labarin tafkin Champlain, da ke tsakanin jihohin New York da Vermont da lardin Quebec, ya isa misali. Salmon ɗan asalin wurin ne, amma madatsun injinan niƙa da na yankan katako, da sare daji, da yawan kamu suka ƙarar da shi tun ƙarni na 19. A farkon shekarun 1970 aka fara zuba shi don a maido da shi. Kamu ya dawo, haihuwa ta ƙi. Shekara arba'in ana zuba kifi ana jira.

Matsalolin sun haɗu ne. Madatsu sun tare hanyar zuwa tsakuwa. Akwai wani kifi mai kama da maciji da ake kira lamprey, wanda ke manne wa salmon yana tsotse jininsa, sai a 1990 aka fara yaƙarsa gadan-gadan. Sannan a 2003 aka ga wani baƙon ƙaramin kifi mai suna alewife ya shigo tafkin. Salmon na son cinsa, amma jikinsa na ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1. Uwar da ta ƙoshi da shi takan zuba ƙwan da zai ƙyanƙyashe lafiya, sai 'ya'yan su mutu cikin makonni. A gidan ƙyanƙyasa ana jiƙa ƙwan a ruwan bitamin a ceto su. A cikin rafi babu mai yi musu wannan.

A kogin Winooski, ɗaya daga cikin kogunan da ke shiga tafkin, aka riƙa kama manyan kifayen a gindin madatsa ana kai su sama a mota. A kogin Boquet kuwa rushe madatsar Willsboro aka yi a 2015. A 2016 aka ga 'ya'yan salmon haifaffun rafi a yankin Winooski, a 2017 kuma a Boquet, karon farko cikin fiye da shekara 150. Har yanzu zubawa ce ke riƙe da kamun kifin tafkin, amma an tabbatar abin mai yiwuwa ne idan aka buɗe hanya.

A Manyan Tafkunan Amurka da Kanada abin ya zo ta wata fuska, da salmon ɗin Fasifik. A tsakiyar shekarun 1950 aka zubar da ragowar 'ya'yan wani nau'insa, kimanin dubu ashirin, a wani kogi da ke shiga tafkin Superior, ba da niyyar komai ba. Suka rayu, suka bazu, har yau suna nan. Nau'in chinook kuma, wanda aka fara zubawa a tafkin Michigan a 1967 don ya rage alewife, ya sami rafukan da suka karɓe shi, har bincike ya nuna mafi yawan waɗanda ake kamawa a tafkin Huron haifaffun rafi ne.

Ashe yawan haihuwa ba alheri ba ne?

Sai in akwai abin da za su ci. A Huron, bakuna suka fi abinci yawa, alewife ya kusa ƙarewa wajajen 2003 zuwa 2004, kamun chinook ya faɗi warwas. Hukumomin da ke kula da tafkin Michigan suka ɗauki darasi, suka rage zubawa da kusan rabi a 2013.

A Maine abincin salmon na gaskiya shi ne wani siririn kifi mai suna smelt. Shekarar da smelt ya yi yawa salmon ya yi ƙiba, shekarar da ya ragu sai a riƙa kama dogaye masu babban kai da ramammen jiki. Tafkin Sebago, mai zurfin mita 96, wanda kogin Crooked ke haifa masa salmon, ya ɗanɗana kuɗarsa. Daga 1972 zuwa 1982 hukuma ta zuba masa wani babban kifin ruwan sanyi da mutanen wurin ke kira togue. Shi a kan duwatsun cikin tafkin yake ƙwai, bai damu da rafi ba. Ya hayayyafa fiye da yadda aka zata, ya far wa smelt, salmon ya rame. An daina zuba shi tuntuni, amma har yanzu ana sassauta doka don masunta su riƙa kwashe shi. A ganina wannan ne ya fi koyar da hankali a duk labarin: kifin da ake fatan ya haihu sai an lallaɓa shi, wanda aka ƙaro don nishaɗi kuma ya ƙi tsayawa.

Yaya ake kama shi?

Da fatsa, don nishaɗi da abin miya, ba da raga ba. Lokacin da ya fi daɗi shi ne makonnin da ƙanƙarar saman tafki ta narke, a Afrilu ko Mayu, sa'ad da smelt ke tururuwa bakin rafuka salmon na biye da shi a saman ruwa. Ana tuƙa kwale-kwale a hankali ana jan ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu don ta yi kama da smelt. Mafi shahara ita ce Gray Ghost, wadda Carrie Stevens ta ƙirƙira a yankin Rangeley na Maine a 1924. Idan ya kama, tsalle yake yi sama da ruwa, sau da yawa ya tsinke ya tafi, kuma wannan ne abin da ke jan mutane gare shi.

Zafi na shigowa sai ya nutse, domin ba ya son ruwan da ya wuce digiri 18 a ma'aunin Salshiyas, sai a bi shi da zare mai dalma. Da hunturu ana huda ƙanƙara a saka smelt mai rai a matsayin koto, a tafkunan da doka ta yarda. Dokar gama-gari a Maine ta hana ɗaukar wanda bai kai inci 14 ba, wasu ruwayen kuma suna da nasu ƙa'idojin, musamman a rafukan ƙwai idan kaka ta gabato.

Za a iya zuba shi a Tiga ko Kainji?

A'a. Ruwanmu ya yi masa zafi duk shekara, kuma babu rafin sanyin da ƙwansa zai kwana a ciki.

Me zai hana a dogara da gidan ƙyanƙyasa kawai, a huta da batun rafi?

Ana yin haka a tafkuna da dama, kuma idan kamu kaɗai ake so, ya wadatar. Sai dai kuɗi ne ake kashewa kowace shekara, kuma kifin da aka yi ta kiwonsa zuriya bayan zuriya a kwami yana rasa ƙwarewar rayuwa a rafi, bambancin jininsa na raguwa. Mutanen Finlan sun ga haka da salmon ɗin Saimaa. Madatsun lantarki na Kaltimo a 1958 da Kuurna a 1971 sun shafe wuraren ƙwansa a kogin Pielisjoki, tun daga nan gidan ƙyanƙyasa ne ke riƙe da shi, yana cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Yanzu ana zuba tsakuwa a tsohuwar hanyar kogin Ala-Koitajoki da ƙasan Kuurna, ana ɗaukar iyayen kifin a mota ana kai su can don su yi ƙwai da kansu.